Mai Bincike Ya Iso Gashuwa

Tun da na dawo daga Yobe mutanen majalisarmu suka sa ni gaba. Kullum bayan la'asar, da na zauna a kan benci sai wani ya ce, to Malam Habu, yau dai sai ka faɗa mana abin da ya faru a Gashuwa. Alhaji Sani tela ya yi ta yaɗawa wai kulle ni aka yi kwana biyu, shi ya sa na dawo ba na son magana. Wani kuma ya ce ai kifi da barkono ne suka lalata mini ciki. Ban musa wa kowa ba, don ƙaryar da suke yi ta fi mini sauƙi a kan gaskiyar. Abin ya shafi wata baiwar Allah da ke kan aikinta a lokacin, kuma bakina zai iya raba ta da shi. Yanzu ta bar aikin, ta bar garin ma, don haka zan faɗa. Amma sunanta na gaskiya da sunan ofishinsu, ko Alhaji Sani zai ɗinka mini babbar riga kyauta ba zai ji su ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin Hausa ne, a sakandare na koyar har na yi ritaya. Zaman gida ya ishe ni, sai wani tsohon ɗalibina ya haɗa ni da wata cibiyar masu nazari da ke neman mutanen da za su zaga ofisoshin jami'an tsaro da takardar tambayoyi. Ana so a ji daga bakin masu kaki: wace ƙwaya ce ta fi damun yankinsu, ta ina take shigowa, su wa ke sha, me suka rasa wajen yaƙi da ita. Ni aka ba Nguru da Gashuwa. Shugabar aikin, Dakta Hadiza, mace ce mai gajeren haƙuri, ta yi kwana uku tana nanata mana abu ɗaya. Ba a rubuta sunan kowa a fom. Mu za mu yi tambaya mu rubuta amsa da hannunmu, kuma fom ɗin da aka cika amana ne, kada shugaban ofis ya gan shi, ko ya roƙa ko ya tsorata mu. Ta ce layi ɗaya da muka rubuta zai iya raba mutum da abincinsa.

An ba kowannenmu wasiƙar gabatarwa da Turanci, wadda shugaban kowane ofis zai buga wa hatimi a baya, shaidar cewa mun je. Ni da kaina na ɗaga hannu na ce ya kamata a sa fassarar Hausa a ƙasa, tunda ba kowane mai tsaron ƙofa ne zai tsaya karanta Turanci ba. Dakta ta ce tawa kawai zan yi, ba ta da lokaci. A tsaye na rubuta: "Mai ɗauke da wannan takarda ya zo bincike kan miyagun ƙwayoyi a tsakanin jami'an tsaro." Na karanta sau biyu, na ji ta yi mini daɗi a kunne. Ba wanda ya duba, don wa zai duba Hausar malamin Hausa.

Da sassafe na shiga motar Nguru. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ni kuma na rungume jakata a cinya. Direba ya ce a sa ta a but, na ƙi. Ya dube ni, ya dubi jakar, ni ma na dube shi, don tun a tasha ban yarda da jan idonsa ba. Kwana uku ana koya mini alamomin mai shan ƙwaya, sai na wayi gari ina ganinsu a fuskar kowa. Kusa da ni wani mai fataucin bandar kifi ne, bai rufe baki ba tun daga Kano har muka wuce Haɗeja. Ya ba ni labarin farashin kifi, da ciwon bayansa, da surukinsa da bai da kirki.

Iyakar Jigawa da Yobe ba ta da ƙofa, amma za ka san ka iso, don can wajen gaba da Birniwa shingaye suka fara yawa, gangunan ƙarfe da buhunan yashi da katako mai ƙusa. A wani shinge aka ce kowa ya fito da katin shaida. Jami'in ya nuna jakata da baki ya ce mene ne a ciki. Na ce takardu ne, na miƙa masa wasiƙata. Ya tsallake Turancin ya sauka kan Hausar. Ina kallo ya gyara tsayuwa, ya gyara hula, ya ƙame ya sara mini. Ya ce a buɗe hanya, ko gaisawar da suka saba yi da direba ta taga ba a yi ba. Na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye muku ba. Amma daga nan direba ya kashe waƙa, mai kifi ya ja jikinsa ya manne da ƙofa, kuma har muka shiga Nguru ban ƙara jin labarin surukinsa ba.

Na sauka a wani ƙaramin masauki kusa da tashar jirgin ƙasa. Mai wurin wani dattijon Babarbare ne, Ba Modu. Mu a Kano gaisuwa ba ta wuce layi uku, sai a shiga magana, don kowa yana da wurin zuwa. Shi kuwa ya kama hannuna da hannu biyu, a hankali kamar mai taɓa ƙwai, yana wushe, wushe, wato sannu da harshensu, ya tambayi hanya, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya koma kan hanya. Sai da ƙafata ta yi sanyi kafin ya nuna mini ɗaki. Ɗakin ƙal, an turare shi da turaren wuta har zanen gado ya kama ƙamshi. Abin da ban so ba, bango ɗaya ne tsakaninsa da nasa ɗakin, alhali ga ɗakuna can ciki ba kowa. Na ce a raina an sa shi ya sa mini ido. Daga baya na gane shi ma haka ya ɗauke ni, gara ya ajiye ni inda zai ji motsina.

Aka kawo mini burabusko da miyar kuka da busasshen kifi. Mu da muka saba da tuwo mai malmala, sai ka ga kamar an manta a tuƙa shi, amma na cinye tas na side kwano. Ban gama wanke hannu ba sai ga ƙunshin kilishi, wai daga wani ofis, a gaida baƙo. Ni kuwa ban je ofishin kowa ba tukuna, ban kuma faɗa wa kowa inda na sauka ba. Na juya ƙunshin, na shinshina, na ba Ba Modu. Ya ce shi haƙoransa sun tsufa. Haka kilishin nan ya kwana uku a kan taga, ni da shi kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara ci.

Kwana uku na yi ina zaga ofisoshin Nguru, kuma ko'ina kamar an san da zuwana. Kafin na gama sallama an jawo kujera, an aika a sayo lemo mai sanyi. Amsoshin kuwa kamar uwa ɗaya ta haife su. Da akwai matsalar, amma yanzu an shawo kanta. Ta ina ƙwayar ke shigowa? Wasu su ce ta iyakar Nijar, wasu su dube ni ido da ido su ce daga Kano, ni kuma in haɗiye in rubuta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda kowa ke wanke kansa ba a tambaye shi ba. Wani ya tofar da goron da ke bakinsa kafin ya zauna, ya rantse ko maganin ciwon kai ba ya sha. Shugaban 'yan banga, wani tsohon maharbi, ya zazzage aljihunsa a gabana don in ga ba komai sai carbi da asuwaki. Na rubuta a littafina cewa mutanen nan akwai abin da suke ɓoyewa.

Ba Modu ne ya warware mini. Ranar da zan bar gari muna shan shayi da safe a ƙofar masauki, ya sassauta murya ya ce, "Malam, don Allah mutum nawa za a kora? Akwai ɗan ƙanwata a cikinsu, yaro ne mai iyali."

Na ce wa ya yi maganar kora. Ya ce ai duk gari an sani, an turo mai bincike daga sama a kan jami'ai masu shan ƙwaya da masu sayarwa. Na yi dariya, na ɗauko wasiƙar don in nuna masa ba haka ba ne. Ya sa tabarau yana bin layin da yatsa, yana karantawa da ƙarfi, ni kuma ina ji dariyar tana bushewa a bakina. Bincike a wurinmu masu biro shi ne a yi tambaya, a rubuta, a yi nazari. Bincike a wurin mai kaki shi ne a birkice ɗakinka, a ɗaga katifa, a tafi da kai. Ga kuma "a tsakanin jami'an tsaro" da na liƙa a ƙarshe. Ni nufina a wurinsu za a yi tambayar. Abin da na rubuta kuwa cewa ya yi a jikinsu ake neman ƙwayar. Da ɗalibi ne ya kawo mini wannan jimla, da jan biro zan bi ta.

Nan ne ya kamata in kira Dakta in ce na yi kuskure, ko in sa biro in soke layin. Ban yi ko ɗaya ba. Na farko kunya, ni da na ɗaga hannu a gaban mutane. Na biyu kuma, abokan aikina da aka tura wasu garuruwa kullum kuka suke a waya, an shanya su a benci tun safe, an ce Oga ya fita, a dawo gobe. Ni kuwa ba a taɓa ce mini in dawo gobe ba. Na lallashi kaina da cewa ai kafin kowace hira ina karanta musu bayanin aikin, wanda bai yarda ba shi ya so. Na ninke wasiƙar yadda take na mayar aljihu.

Motar Gashuwa ta cika da 'yan kasuwar Jajimaji, ranar kasuwa ce. A kujerar baya akwai wata mata cikin hijabi ruwan ƙasa, ba za ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba, tana riƙe da kwandon abinci. A shingen fita gari wani jami'i ya karanta wasiƙata da ƙarfi don abokinsa ya ji, aka sara mini kamar kullum. Da na waiwaya sai na ga idonta a kaina, kuma ba ta kawar ba. Muna isa Jajimaji taya ta sace. Muka fito muka tsaya a inuwar mai faci, ga amalanken shanu na wucewa da buhuna, ga Fulani da tumaki, ga masu magana da harsuna uku a ciniki ɗaya. Matar ta sayi ruwan leda biyu ta miƙo mini ɗaya. Ta ce, "Malam, daga sama aka turo ka?" Na ce daga Kano dai. Ta gyaɗa kai kamar na faɗi abin da take jira, ta ce Allah ya kawo ka lafiya. Ban sha ruwan ba. Na riƙe shi har ya yi ɗumi, da ta juya na zuba a gindin bishiya, don na tabbata an sa ta ta bi ni ne.

Gashuwa gari ne na shinkafa da kifi da barkono, kuma duk ukun a faranti ɗaya aka kawo mini su a wata rumfar abinci kusa da masaukina. Na ci ina hawaye, mai abincin tana mamaki, wai ai wannan na yara ne. A rumfar ana hira da Hausa, ina zama aka koma Badanci, harshen 'yan garin. Na tambayi na kusa da ni me ake cewa, ya ce maganar ruwan kogi ce, bana ya ci gonaki. Wataƙila gaskiya ya faɗa, amma na lura duk mai maganar kogin jakata yake kallo.

Washegari na je ofishin da labarin nan yake kansa. Shugaban wurin mutum ne mai fara'a da yawa, irin wadda ke sa ka duba aljihunka. Ya kira ni Yallaɓai, ni ma na kira shi Yallaɓai. Ya ba ni wani ɗaki mai taga a buɗe ta wajen baranda, ya ce mutum biyar zai turo mini. Sannan ya karɓi wasiƙata ya sa a aljihun tebur. Ya ce zai buga hatimi bayan la'asar, idan na kawo masa fom ɗin ya ɗan duba, don yaransa ba su iya magana ba, kada su ba ofis kunya. Na ce doka ta hana. Ya yi dariya ya ce ai nan gida ne.

Maza huɗu suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanto mini haddar da na riga na sani, idonsa a kan taga. Ta biyar ta yi sallama, na ɗaga kai, sai ga matar mota cikin kaki da ɗan ƙaramin hijabi. Zan kira ta Yagana. Na ce a raina shi ke nan, tarkon ya rufe. Ta wuce kai tsaye ta tura tagar ta sa sakata, ta zauna. Na fara karanta mata bayanin aikin, ta ɗaga hannu ta ce ta sani, dole in faɗi haka. Na cika shafin farko: gari, shekarun aiki, namiji ko mace. Na yi tambaya ta farko.

Ta fi awa ɗaya tana magana. Ita kaɗai ce mace a ofishin, don haka duk gidan da namiji ba ya shiga ita ake turawa. Ta ga kwalaben kodin a cikin tukwanen jere, ta ga matar aure da ba ta iya tashi ta ba jaririnta nono. Ta faɗi yadda masu aikin gonar shinkafa ke haɗiyar tiramol da shayin safe don su wuni a cikin ruwa ba su ji gajiya ba, da yadda wasu masu gonar ne ke raba musu. Da farko ina rubutu ina jiran inda za ta jefa mini ƙugiya. Sai ta sauke murya ta zo kan ofishinsu. Ta ce akwai wani kwalin ƙwaya da ita da hannunta ta kama, ta yi masa alama da jan farce a gindi, aka kai sito aka kulle. Ba a yi wata biyu ba, sai ta sake kama shi a wani gida, da alamarta a jiki. Ta kai magana gaba, aka ce ta kula da aikinta. Muryarta tana rawa, amma ba ta yi kuka ba. A nan na san ba tarko ba ne, don ba a koya wa mutum irin wannan rawar murya.

Na cika layukan, na bi gefen takarda, na juya baya. Kuma ga abin da nake jin kunyarsa har yau: murna nake yi. Ina ganin fuskar Dakta in ta karanta, ina cewa duk cikinmu ba wanda zai kawo irin wannan. Da muka gama Yagana ta yi ajiyar zuciya ta ce shekara biyu tana addu'ar Allah ya turo wani daga sama. Ta ce, "To Malam, yaushe za su zo?" Daidai nan aka kira azahar. Na ce bari in yi salla, na tattara takarduna na fita kamar an kore ni.

Ban san me liman ya karanta ba, tunda azahar ce, amma ko a bayyane ya yi da ban ji ba. Na zauna a masallaci bayan kowa ya watse ina juya abin. In na kai wa Oga fom biyar, ba sai ya nemi suna ba, akwatin da na yi wa alama a kan "mace" ya isa. In na gudu da su Kano na bar masa hatiminsa, ai Dakta ta ce in an gama za a aika wa kowane ofis rahoton, gari gari, an ware amsar maza da ta mata. Ko da na soke alamar, maganar shiga ɗakin matan aure mutum ɗaya ne zai iya yin ta a wurin nan. Kuma duk wannan kasadar ta ɗauke ta ne don ta zaci bayana akwai masu zuwa da mota da ankwa. Bayana ba kowa sai Dakta da kwamfutarta. Duk mazan nan jimlata ce ta sa su yi mini ƙarya, ita kuma jimlar ce ta sa ta faɗi gaskiya. Zuciyata ta ce in yi shiru, ai ba ni na tilasta mata ba, kuma na karanta mata bayani ta ƙi ji. Na daɗe ina sauraron wannan zuciyar, ba zan ce ban saurare ta ba. Ina fitowa wani daga cikin mazan huɗu yana tsaye wajen takalma, ya ce Oga ya ce a tuna mini da la'asar.

Na same ta a bayan ofis, a gindin wata bishiyar maina, ta buɗe kwanon abincinta ba ta fara ci ba. Ta matsa mini a benci, na ce a tsaye ma ya isa. Na faɗa mata komai, ban yi kwana ba. Na ce ni ba jami'i ba ne, ba ni da ikon kama kowa ko canja wa kowa wurin aiki. Binciken nan na masu karatu ne, irin wanda ake bugawa a ajiye a kantar littattafai.

Ta rufe kwanon a hankali. Ta ce, "Wato ba mai zuwa."

Na ce ba mai zuwa.

"To abin da na faɗa, me za a yi da shi?"

Na ce za a haɗa da na sauran a ƙirga.

"Na sauran da suka ce lafiya lau." Ta mayar da kwanon cikin kwando. Can ta ce, "Wa ya rubuta Hausar da ke jikin wasiƙar?"

Na ce ni ne. Ta tambaye ni da can aikin me nake yi, na ce koyarwa. Ta ce wane darasi. Na so ƙasa ta tsage in shige, na ce Hausa. Na zaci za ta yi dariya ko ta zage ni, kuma da ta yi ɗaya daga ciki da na ji sauƙi. Sai kawai ta tambaya yaushe na gane kuskuren. Nan ma na faɗi gaskiya, na ce tun a Nguru.

Ta dube ni irin kallon da nake yi wa mutane tun daga Kano. Ta ce tana da 'ya'ya uku da mahaifiya a hannunta, mijinta kuma ciwo ya kwantar da shi. Ba don in ji tausayi ta faɗa ba, kamar mai karanta wa kanta lissafi take. Sannan ta miƙo hannu. Na buɗe jaka na zaro fom ɗinta, wanda ya fi duk abin da na tara a tafiyar nan daraja, na ba ta. Ta ninke shi huɗu ta tura cikin kwandon abinci, ƙarƙashin kwano.

Na juya zan tafi, ta ce in tsaya. Ta ce Oga mutum biyar ya turo, fom biyar zai ƙirga. In ya ga huɗu, ya san na wa ne babu, kuma ya san dalili. Ta ce in ɗauko sabo in sake tambayarta, a nan, inda kowa zai gan mu. Ita da aka cuta ita ce ta tuna da wannan, ni mai ilimin ban kawo shi a raina ba.

Bayan la'asar Oga ya karanta fom biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, ban hana shi ba, don ba sauran amana a cikinsu. Ya buga mini hatimi, ya rako ni har bakin titi. A Kano ma Dakta ta yaba da tsabtar aikina. Amma wannan duk daga baya ne. A lokacin dai na zauna a ƙarshen bencin nan, na ɗora sabon fom a gwiwa, mutum biyu suna leƙenmu daga baranda. Na bi tambayoyin daga farko, tana ba ni amsa da murya sarai yadda na baranda za su ji, gajeru gajeru, ko minti goma ba mu yi ba. Hannunta yana kan murfin kwando. Muka zo tambayar ƙarshe, na karanta mata kamar yadda take a rubuce: ko akwai wani abu da kike so ki ƙara, wanda ba a tambaye ki ba?

Ta ɗan jima tana kallon biron da ke hannuna.

Ta ce, "Malam, rubuta babu. Ka dai duba da kyau, kada ita ma ka rubuta ta ba daidai ba."

Na rubuta babu, na juya takardar na nuna mata. Ta karanta, ta gyaɗa kai, ta ɗauki kwandonta ta koma bakin aiki.